Yadda Za Ka Fake Da Yashin Kifi Har Dangi Su Manta Kana Da Mota

Idan kai ne autan gidanku, kuma Allah ya jarrabce ka da mota, ajiye abin da kake yi ka karanta wannan. Alkawari na yi maka, ba da wasa ba: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, Asabar ɗinka za ta dawo hannunka cif. Ba mai sake tura ka tasha ɗauko baƙo. Ba mai sake ɗaure maka firiji a bayan mota. Za ka tashi ka yi miƙa, ka sha shayinka da zafinsa. Abin da kake bukata kawai yashi ne. E, yashi. Ba na gini ba, na kifi.

Kuma kada ka ɗauka zancen baka ne. An gwada dabarar nan a kan mutum mai rai. A gida Auta ake ce masa. Ya haura arba'in, ya ajiye tumbi, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma a wurin 'yan'uwansa har gobe shi ne yaron da ake aika sayo ashana. Sana'arsa koyar da tuƙi. Duk ranakun aiki yana zaune a gefen mutanen da ba su bambance birki da totur ba, gabansa na dukan uku-uku. Asabar ɗin da ya kamata ya huta kuwa, ta Yaya Babba ce.

Yaya Babba ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu. Ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi makaranta, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, tana zaune ita kaɗai a tsohon gidan iyayensu. Kafin shayin Auta ya shiga kofi wayarta ta shigo: "Auta, kana ina?" Wannan ba tambaya ba ce. Umarni ne ya yi shigar tambaya.

Ga yadda ya kuɓuta. Bi sawunsa.

Mataki na 1: Sayi tanki biyu, amma na ƙasa za ka so

Kifin ruwan gishiri za ka nema. Kifin ruwan daɗi ba zai cece ka ba, kowa ya san ko a robar wanki yana rayuwa.

Shi Auta ba da shiri ya shiga kantin kifin ado ba. Wata ɗalibarsa ce ta yi baya da mota har ta sumbaci tukunyar furen da ke ƙofar kantin. Ya shiga ba da haƙuri, ya fito ya sayi tanki. Mai kantin, wanda kowa ke kira Gishiri saboda rigarsa kullum da farin tabon ruwan teku, shi ya zo har gida ya haɗa. A sama ya ɗora babban tankin gilashi da duwatsu da kifi biyu masu ruwan lemo da farin zane. A cikin durowar da ke ƙasa kuma ya cusa wani ƙaramin tanki, ya haɗa su da bututu da ɗan injin tura ruwa.

"Wannan na ƙasan shi ake kira mafaka," in ji Gishiri.

Auta ya durƙusa ya leƙa. Ba kifi ko ɗaya. Yashi ne jibge, zurfinsa ya kai tsawon tafin hannu, sai wani dunƙulen ciyawa kore kamar soson wanka da ya hargitse.

"Mafakar wa?"

"Ta ƙananan halittu. Tsutsotsi, dodon koɗi, da wasu 'yan mitsi-mitsi da sai ka ƙura ido. A sama kifi zai cinye su, a nan suke ɓuya. Su cinye dattin ruwan, ruwan ya koma sama da tsabtarsa."

"To ni me zan riƙa yi wa yashin?"

"Ba komai."

"Ba komai kamar yaya?"

"Ka ƙyale shi, Malam. Jefi-jefi ka sa siririn tiyo ka zuƙe dattin da ya kwanta sama-sama, ɗan wuri kaɗan, shi ke nan. Amma can ƙasa inda za ka ga ya fara baƙi, ko da wasa kada ka tona. Ranar da ka tona, kai da maƙwabtanka za ku sani."

Auta ya daɗe a durƙushe. Tunda aka haife shi bai taɓa haɗuwa da abin da bukatarsa kawai a ƙyale shi ba. Sai ya ji idonsa ya kawo ruwa.

Lura: maganar nan ta mai kanti ita ce jarinka. Haɗiye ta. Ko a mafarki kada ta fito.

Mataki na 2: Mayar da yashin majinyaci

Kada ka kuskura ka ce "ina kallon yashi." Mahaukaci ne ke kallon yashi. Kai jinyarsa kake yi. Ari bakin asibiti: "Bai kwanta ba tukuna." "Launinsa ya ɗan sauya." "Muna sa ido." Ka kula da wannan "muna" ɗin. Duk wanda ya ji "muna" zai ɗauka akwai likita a ɗakin.

Asabar ta farko waya ta yi ƙara kamar yadda ta saba.

"Auta, kana ina? Katifar nan da na ba da a gyara an gama, maza ka zo ka ɗauko min."

"Yaya, wallahi da yanzu kin gan ni. Yashi ne."

"Wane ne?"

"Yashi. Tun jiya bai kwanta ba. An ce kada a bar shi shi kaɗai."

Yaya Babba ta san ƙaryar taya, ta san ta ciwon ciki, ta san ta "makullin ya ɓata," kowace tana da amsarta a ajiye. Wannan kuwa ba ta taɓa cin karo da irinta ba, ta rasa ta inda za ta kama.

"To," ta ce a hankali. "Allah ya sawwaƙe."

Auta ya ajiye waya ya kafa kai a kofin shayi, ya ƙona harshensa. Shekaru ke nan rabon da ya sha shayi mai zafi ranar Asabar, har ya manta ana hurawa.

Mataki na 3: Tara kayan aiki, ka koyi tsayuwar mai aiki

Nemi tocila, siririn tiyo, bokiti, safar hannu ta roba mai kai wa gwiwar hannu, da 'yar kujera ta tsuguno. In da hali ƙara da madubin ƙara girma. Ba sai ka yi amfani da shi ba. A rataye a wuya ya fi aiki.

Jiƙa hannun rigarka tun da safe. Busasshen mutum ba ya kama da mai fama.

Sannan ka buɗe durowar, ka zauna, ka cusa kanka ciki har kafaɗa. Daga waje abin da ake gani bayanka ne kawai, baya kuwa ba ya tona asiri. Auta ya gano cewa in ya jingina goshinsa da katakon gefen hagu, ga ɗumin fitila, ga gunjin inji a hankali, barci ke zuwa irin wanda bai taɓa samu a katifa ba. In ya ji takun mutum sai ya ce "Hmm," ya ɗan girgiza kai kamar ya ga abin da bai yi masa daɗi ba.

Ainihin aikin, wato zuƙe dattin saman yashin, bai kai tafasar ruwan shayi ba. Kada ka yi shi gaba ɗaya. Zuƙi wuri kamar faɗin cokali, ka ɗaga bokitin ka haska, ka yi tsaki, ka koma ciki. Mai hikima ba ya gama aikin da gamawarsa za ta jawo masa wani.

Mataki na 4: Tsorata matarka da tsutsa

Nan ne wuri mai santsi. Maiɗakin Auta a kantin magani take aiki, irin matan nan ne masu karanta takardar cikin kwali har ƙarshe, su juya baya su karanta. Da Yaya Babba ta ga Auta ya zama ɗan jinya, sai ta koma kiran matarsa. Ita ta ɗauko katifar a tasi. Ita ta kai injin niƙa wurin gyara. Ita ta tsaya a tasha da rana tana jiran wani ɗan'uwa da ya sauka a wata tashar daban.

Ranar da ta dawo daga wannan, ta ajiye jaka, ta cire takalmi, ta tsaya a bayan mijinta da ke cikin durowa.

"Malam."

"Hmm."

"Wannan majinyacin naka, yaushe za a sallame shi?"

"Ranki ya daɗe, abin sai a hankali. Zo ki gani da idonki."

Ya haska mata jikin gilashin. Wata tsutsa ja-ja mai gashi a gefe da gefe ta fito daga ramin yashi tana miƙa kamar mai gidan.

"Innalillahi! A falona?"

"Irinta sun fi a ƙirga. In na matsa, ban san abin da za su yi ba."

Ta ja da baya har ta taka bokiti. Daidai ke nan, haka ake so. Sai dai kafin ta shige ɗaki ta waiwayo ta ce, "Me take ci?"

Auta bai ɗauki tambayar da muhimmanci ba. Kai ka ɗauka. Matar da ta tambayi abin da tsutsa ke ci, wata rana za ta tambayi wanda ya sayar da ita.

Mataki na 5: In an zo dubiya, karɓi gaisuwa

Labari in ya shiga dangi, ba ya fitowa yadda ya shiga. Daga bakin Yaya Babba zuwa kunnen Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, wadda jinta ya yi nauyi, sai ya zama Auta yana jinyar wani bawan Allah mai suna Yashi, abokin aikinsa, wanda ba shi da kowa.

Wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gwaggo ce, tana haki saboda hawan bene, da ledar lemo da ayaba a hannu.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. A zamanin nan wa ke riƙe bare? Ina mai jikin?"

"Gwaggo, ai... yana hutawa."

"Ko leƙa shi in yi. Ba zan tashe shi ba."

Auta ya kalli matarsa. Ita kuwa ta naɗe hannu ta jingina da bango, da alama yau ba ta da wani shiri da ya wuce kallo. Ba yadda ya iya, ya je ya buɗe durowar ya kunna tocila.

Gwaggo ta gyara tabarau, ta dafa gwiwa ta sunkuya.

"Ina yake?"

"Shi ne wannan."

"A ciki aka sa shi?"

"A'a, Gwaggo. Yashin. Shi ne yashin."

Gwaggo ta kalli yashi. Ta kalli Auta, da safar roba har gwiwar hannu da madubi a wuya. Ta sake kallon yashi. Tsohuwa ce mai tarbiyya, kuma ba za ta yi asarar hawan bene ba. Ta matso da bakinta kusa da gilashin ta ce, "Sannu. Allah ya ƙara sauƙi." Sannan ta miƙe, ta dafa kafaɗar Auta, ta yi masa magana a hankali kamar yadda ake yi wa wanda ya faɗo daga itace: "Kai ma Allah ya ba ka lafiya."

Ledar lemon kuwa Gwaggo ta miƙa wa matarsa. "Ungo, 'yar nan. Ke ce mai jinya biyu."

Kada ka ji kunya. Wannan nasara ce babba. Mutumin da dangi suka fara yi wa magana a hankali, ba a ba shi saƙo.

Mataki na 6: In waya ta yi shiru, kada ka duba lafiyarta

Ana nan sai maganar tashin Yaya Babba ta taso. Tsohon gidan ya yi mata girma, rufin yana yoyo, gwiwoyinta sun gaji da share tsakar gida. Ta samu ɗan ƙaramin gida a hawa na farko na wani bene. Ta kira Auta sau ɗaya tak a kan maganar, kuma ba ta fara da "kana ina" ba.

"Auta, zan tashi daga gidan nan. Akwai kayan Baba a ɗakin baya, na rasa yadda zan yi da su. Ko za ka zo mu duba tare?"

Wannan karon tambaya ce ta gaske. Amma baki ya riga ya saba. Kafin kan Auta ya gama jin maganar, harshensa ya ce, "Yaya, yashin ne..."

"To," ta ce. "Ka gaishe shi."

Ta kashe.

Daga ranar ba ta sake kira ba. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Abin da Auta ya daɗe yana nema ya samu, sai ga shi yana jujjuya waya yana duba ko ta lalace. Har cewa ya yi matarsa ta kira shi daga kicin don ya gwada. Ta kira, wayar ta yi ƙara lafiya lau, ta ce, "Tana aiki, Malam," ta kashe.

Ya koma durowa, ya jingina goshi da katakon hagu. Barci ya ƙi. Ya zauna yana kallon wani dodon koɗi yana jan jiki daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana tunanin ɗakin baya da warin tsohon katako, da yadda Yaya za ta iya janyo akwatin ƙarfen Baba ita kaɗai da waɗannan gwiwoyin.

Wannan rauni ne. Kowane ɗalibi yana fuskantarsa. In ya zo maka, ƙara wa fitila haske ka ƙirga tsutsotsi har ya wuce.

Mataki na 7: Kada ka aiki matarka sayo gishiri

Ko gishirin tankin ya ƙare ƙaf, ko kifin sun fito sun roƙe ka, je ka da ƙafarka.

Auta bai yi haka ba. Yana da ɗalibi mai jarrabawar tuƙi, sai ya ce wa maiɗakinsa ta biya ta kantin in ta taso aiki. Gishiri kuwa mutum ne mai son hira, ya ganta ya washe baki.

"Madam, ya kifi? Ya mafaka?"

"Kifi lafiya. Yashin ne dai har yanzu jiki ya ƙi. Malam ba ya iya matsawa ko nan da can."

"Wane yashin?"

"Na ƙasan. Wanda ba a barinsa shi kaɗai."

Gishiri ya yi dariya har ya dafa kanta. "Madam, yashin nan ko tafiya kuka yi kuka kulle gidan, ƙiba zai yi. Babu abin da ya tsana irin a dame shi. Ai na gaya wa Malam tun ranar farko."

Ta yi godiya, ta ɗauki buhun gishirinta. Da ta iso gida ta ajiye shi a gefen tanki, ta dafa wa mijinta shayi ba tare da ya nema ba, ta miƙa masa da murmushi. Sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta daɗe tana waya ƙasa-ƙasa.

Auta ya sha shayinsa yana cewa a ransa lallai ya yi sa'ar mata. Kai in ka ga shayin da ba ka nema ba haɗe da murmushi, nemi takalminka.

Mataki na 8: Kada ka bari masu dako su shigo falonka

Asabar da safe wata babbar mota ta danna hon a ƙasa. Kafin Auta ya ciro kansa daga durowa, Yaya Babba ta shigo, mayafi ɗaure a ƙugu, da ƙartin masu dako biyu a bayanta.

"Yaya! Sannu da zuwa, ai da kin..."

"Yau nake tashi," ta ce. "Na yi tunani na ga bai kamata in raba ka da majinyacinka ba. Tunda ba a barinsa shi kaɗai, sai mu tafi da shi. Akwai wuri a gaban mota, ya sha iska. Ku ɗauko shi."

"Ba a motsa shi!"

"Kai kuma ba a raba ka da shi. Ni kuma yau nake tashi. To ya za mu yi?"

Shirin matan nan biyu, Yaya da maiɗakinsa, shi ne su tsorata shi kawai, ya faɗi gaskiya da bakinsa, ya ɗauki makulli. Abin da suka manta, ba wanda ya gaya wa masu dako cewa wasa ake. Su an ce musu ɗauko. Babban cikinsu ya riga ya zura hannu cikin durowa, ya kama gefen ƙaramin tankin ya ɗaga.

Yashin ya zame gefe guda gaba ɗayansa. Baƙin da ke kwance a ƙasa ya taso kamar hayaƙin tsohuwar mota. Sannan warin ya iso.

Wanda bai taɓa ji ba, ba zai gane ba. Ka ɗauka ruɓaɓɓen ƙwai ya yi aure da kwata, suka haihu a falonka. Mai dakon ya saki tankin ya yi waje yana salati. Abokinsa ya riga shi sauka. Maƙwabciyar da ke ƙofar gaba ta leƙo don jin abin da ke faruwa, ta ji, ta mayar da ƙofarta da ƙarfi har da sakata.

Injin kuwa bai san an yi ɓarna ba, yana ta tura baƙin ruwa zuwa tankin sama. Kifin nan biyu suka taso saman ruwa suna buɗe baki.

Auta, wanda ya shafe makonni yana ba da labarin halin gaggawa, yau ga na gaske ya zo, sai ya tsaya ƙiƙam da tocila a hannu yana haska bango.

"Kashe injin!" in ji Yaya Babba. Maiɗakinsa ta fizge wayar daga soket. "Ke ƙanwata, sauka mota ki ɗauko min babbar tukunyata. Kai kuma ajiye wannan fitilar, ɗebo ruwan saman nan kafin baƙin ya gama da shi. Ina matacin shayinku?"

Suka cika tukunya da ruwan da bai ɓaci ba. Yaya ta naɗe hannun riga, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta zura matacin shayi cikin tanki. Kifin suka shige bayan dutse.

"Yaya, ba za su kamu ba, santsi gare su."

"Na kama ka kana ɗan mitsitsi da sabulu a jikinka kana gudun wanka. Kifi ne zai gagare ni?"

Ɗaya. Biyu. Ta juye su a tukunya, suka yi 'yan zagaye suka dawo hayyacinsu. Sai a lokacin kowa ya tuna da numfashi, ya kuma yi nadamar tunawa.

Auta ya tsaya a gabanta, rigarsa jiƙe da gaske a karon farko.

"Yaya, yashin nan... da ma ba ya bukatar komai."

"Na sani."

"Ni ne dai na..."

"Na sani, Auta. Ɗauki bokiti."

Shi ya kwashe ruɓaɓɓen yashin ya yi ta sauka da shi. Sannan ya ja motarsa ya bi bayan babbar motar, duk gilasai a sauke, matarsa a baya rungume da tukunyar kifi. Shi ya ɗauki kabad, shi ya kwance gado. Masu dako sun yi aiki, amma daga nesa da shi.

Da la'asar tsohon gidan ya zama wayam, sai ɗakin baya. Suka shiga su biyu. Akwatin ƙarfe, tsohuwar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da zare, da kujerar katako wadda hannunta ya yi sulɓi saboda dafawa. Suka zauna a ƙasa suna fito da kaya ɗaya-ɗaya. Yaya ta ɗago wata hular Baba, ta kai hanci don ta ji ko ƙamshinsa na nan. Ta shaƙa, ta yamutsa fuska.

"Ba abin da nake ji sai kai," ta ce.

Suka fashe da dariya, har ta koma share ido da bayan hannu. Auta ya ɗauki kujerar. Ita ta riƙe rediyon.

Mataki na 9: In komai ya rushe, ce da ma haka ka tsara

Tankin Auta sai da aka wanke shi aka sake shiri, don haka kifin suka yi zaman wucin gadi a sabon gidan Yaya, Gishiri ya ara musu ɗan injin iska. Gidan shiru ne, ba ta san kowa a benen ba tukuna. Ta fara gaishe su da safe. Ta fara ba su labarin dangi. Ranar da Auta ya zo ɗaukarsu, ta tsaya a gaban tukunyar.

"Sun saba da ni."

"Yaya, a tukunya fa suke."

"To a kawo musu gidansu nan. Har da na ƙasan."

Haka aka yi. Maiɗakin Auta da kanta ta taya ɗaure bututun, tana waƙa. Gishiri ya zuba sabon yashi, ya maimaita huɗubarsa, Yaya ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai. Da ya fita ta juyo wurin ƙaninta.

"Ni gwiwata ba ta tsuguno. Kai za ka riƙa zuwa kana zuƙe dattin nan."

"Ai jefi-jefi ne, Yaya. Kin ji da kunnenki."

"Na ji. Duk Asabar."

Yanzu haka in ka je gidan ranar Asabar za ka tarar da bayan Auta a waje, kansa a cikin durowa. Yaya Babba ta jawo kujera ta zauna daf da shi, tana ba wa bayan nasa labarin wanda ya yi faɗa da wa, da wanda ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa. Akwai sandar labule da ke jiransa a jingine, da famfon kicin mai ɗiga. Duk su biyun sun san aikin yashin ya ƙare tun ɗazu.

"Auta, bai gama ba?"

"Saura kaɗan, Yaya."

"To yi a hankali. Na ɗora shinkafa."

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk wani wari, ko tabon kafet, ko gudun masu dako, ko gaisuwar da maƙwabta suka daina amsawa. Ba ya biyan kifi, ba ya mayar da matacin shayi yadda yake, ba ya zuwa ba wa matar kowa haƙuri. In danginka sun fara yi maka magana a hankali, kai ka jawo. In tsutsa ta cije ka, tsakaninku ne. Wanda kuma ya bi matakan nan kaf ya wayi gari yana ɗaura labule a gidan da ba nasa ba, kada ya neme ni. Ya kai ƙara wurin yayarsa, ita ta raine shi haka.